Rage ƙiba a Anka, Gummi da Bukkuyum: Yadda za a fara motsa jiki, a kuma ɗore a kai

A yammacin Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mutum ya dawo daga tafiya da kumatu da ɗan tumbi, barka ake yi masa, a ce wuri ya karɓe shi. Amarya kuma idan ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. Rama ba ta da farin jini, domin an saba ganinta tare da ciwo, ko yunwa, ko ɓacin rai.

Akwai dalilin da ya sa ake kallon abin haka. Yanki ne da har gobe ake kwantar da yara a asibiti saboda tamowa, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar ɗimbin irin waɗannan yara a Anka da Gummi. Wanda ya ga haka da idonsa, da wuya ya ɗauki ƙiba a matsayin matsala.

Sai dai a cikin waɗannan garuruwan akwai ɗan kasuwar da ke haki idan ya miƙe daga sujada, da malamar makarantar da ciwon gwiwa ya hana ta zaman tahiya, da direban da sai da ɓarin jikinsa ya shanye sannan aka gano yana da hawan jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, yayin da kashi 12 cikin 100 suka rame fiye da ƙima. Matsalolin biyu suna zaune ne a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Ga wanda likita ya ce masa ya rage nauyi, tambayoyin biyu ne: ta ina zai fara a garin da babu gidan motsa jiki, kuma fita bayan gari ta zama kasada? Sannan yaya zai yi ya wuce mako na uku, inda akasarin mutane ke ajiye abin?

Aikin da ke motsa jiki ya ragu

Kakanninmu ba su ware lokacin motsa jiki ba, domin rayuwar ce ke tilasta shi. Namiji ya taka zuwa gona, ya yi huɗa, ya yi noma, ya ɗauko dami a ka. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga. Samari su yi kokawa da langa bayan kaka. Ranar kasuwa kuma a ƙafa ake zuwa.

Yanzu injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, ɗan kabu-kabu ya karɓi aikin ƙafa, waya kuma ta ɗauke hirar da a da sai an taka ake yi. Wannan sauƙi ne, babu mai son a koma baya. Amma abincin da aka tsara domin mai wuni a gona, wato malmalar tuwo biyu da damammiyar fura, shi ne har yanzu ake ci, an kuma ƙara masa lemon kwalba, da shayi mai sukari da madara, da taliyar leda.

A nan yankin akwai ƙarin dalili. Matsalar 'yan bindiga ta raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, ta tara wasu a cikin garuruwa kamar Anka. Manomin da ya saba wuni da fartanya, idan ya koma zaman shago ko zaman majalisa, jikinsa yana gane bambancin ko da shi bai lura ba. Ga kuma fargaba da ƙarancin barci, waɗanda su ma suna da hannu a hawan jini.

Abin bai tsaya a Zamfara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake buƙata.

Awo biyu kafin a ɗaura takalmi

Na farko shi ne awon jini. Hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ana yin awon a cikin 'yan mintuna a manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, da ƙananan asibitoci da dama. Idan awo ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, a ga ma'aikacin lafiya. Idan ya kai 180/110, a dakata da duk wani motsa jiki mai ƙarfi sai an sha magani ya sauka. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon sukari a danginsa, ya haɗa da gwajin sukari.

Wannan awo ya fi muhimmanci ga mutanen Dareta, Abare, Bagega da Sunke a Ƙaramar Hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Suna cikin ƙauyukan da gubar dalma ta auka wa a shekarar 2010, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, inda fiye da yara 400 suka rasu. A lokacin hankali ya karkata ga yara, domin su ne ke mutuwa. Amma dalma tana daɗewa a cikin ƙashi shekara da shekaru, kuma a jikin manya tana haddasa hawan jini da ciwon ƙoda. Wanda ya taɓa aikin niƙa ko wankin dutse ya faɗa wa likita haka. Kada kuma a zaɓi filin da ake fasa dutse ko shanya garinsa a matsayin wurin tattaki, domin mai haki ya fi shaƙar ƙura.

Awo na biyu ba ya buƙatar asibiti. A samu igiya ko zare, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka igiyar biyu, a zagaya ciki da ita a daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, da sauƙi. Idan sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da wannan shawara a 2022, cewa faɗin ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya, fiye da na cinya ko na ƙugu daga ƙasa.

A kula, kumburi daban, ƙiba daban. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take kasa numfashi idan ta kwanta, asibiti take buƙata cikin gaggawa, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a arewa maso yammacin Najeriya.

Minti goma na farko

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a mako. Matsakaici kuma yana nufin tafiyar da za ka iya yin magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa daga sama. Mutum ya shekara goma bai yi gudu ba, ran nan ya sayi kambas ya zagaye filin ƙwallo sau goma. Washegari cinya ta ƙage, gwiwa ta kumbura, shi ke nan an rufe babin. Mai nauyi ya fara da tafiya, ya bar gudu tukuna.

A makon farko, minti goma sun isa, kwana biyar. A mako na biyu a kai minti 15. A na uku a yi 20, a ɗan ƙara sauri a tsakiya. Zuwa mako na biyar ko na shida an kai rabin awa. Wanda ba shi da rabin awa a jere ya raba: goma bayan gari ya waye, goma bayan la'asar, goma bayan cin abincin dare. Duk ana lissafa su, kuma tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen sauke sukarin jini.

Masu wayar zamani kan ga manhaja tana neman taku 10,000 a rana, sai su karaya. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Wani babban nazari da mujallar lafiya ta Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama, amfanin yana kaiwa ƙololuwa ne a taku 6,000 zuwa 8,000, ga waɗanda ba su kai haka ba kuma 8,000 zuwa 10,000. Mai yin taku 2,000 da ya koma 4,000 ya riga ya ci riba.

Batun wuri da lokaci a nan ba abin wasa ba ne. A tsaya cikin gari: filin makarantar firamare, harabar sakatariya, layin unguwa, ko hanyar kasuwa kafin ta cika. Kada a bi hanyar gona ko bakin gulbi, kada a fita kafin haske ya bayyana. Mutum yana gudu shi kaɗai cikin duhu na iya tayar da hankalin unguwa, ko jami'an tsaro da askarawa su yi masa wata fahimta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a yi da sanyin safiya ko dab da magariba, a sha ruwa. Da hunturu kuma mai asma ya jira ƙura ta lafa.

Idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Matan da ke cikin gida

Mata da yawa a yankin ba su da damar fita tattaki, wasu saboda kulle, wasu saboda surutun mutane. Tsakar gida ta wadatar. Zagaya ta na minti goma da sauri tafiya ce. Shara da wanki da jan ruwa duk suna cikin lissafi, muddin sun sa numfashi ya ɗan ɗaga.

Domin ƙarfin tsoka, a zauna a kan kujera a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma, a huta, a sake. A dafa bango da hannu biyu a kai ƙirji kusa da shi a turo, sau goma. A cika jarkoki biyu ƙanana da ruwa a ɗauka a zagaya. Wadda ta saba aika surfe inji ta riƙa yin na kwana ɗaya ko biyu a turmi. Tsallen igiya yana da kyau ga 'yan mata, amma mai nauyi da mai ciwon gwiwa su bar shi.

Maigida yana da rawar takawa. Wanda ya bar matarsa ta taka zuwa Islamiyya ko gidan 'yan'uwa tare da maƙwabta, maimakon a kira babur a tafiyar minti goma, ya rage wa kansa kuɗin magani nan gaba.

Tafiya kaɗai ba ta sauke tumbi

Nan ne mutane da yawa ke jin an yaudare su. Rabin awa ta tafiya da sauri tana ƙona kalori kimanin 150 a jikin mutum matsakaici. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa yana da kusan 120. Robar lemo mai zaƙi guda na iya ɗaukar sukarin da ya kai ƙaramin cokali goma ko fiye. Wato abin da aka ƙona a fili ana iya mayar da shi a teburin mai shayi cikin minti biyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, kuma shida sun fi. Gishiri kuma kada ya kai giram biyar, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Ba sai an sayi abincin Turawa ba. Dawa da gero da wake da ake nomawa a yankin sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. A rage girman malmala, a ƙara miyar ganye. Kwaɗon zogale ko rama, da dafaffen wake, da hoce, da yalo, duk abinci ne na gida. Fura da nono ba laifi, sukarin da ake zuba mata ne abin dubawa. Soye-soye a mayar da su na wani lokaci. Abu ɗaya za a fara sauyawa, kuma ga yawancin mutane lemon kwalba da sukarin shayi ne suka fi sauƙin kamawa.

Kada kuma a ɗora wa kai buri mai nisa. A Amurka an yi wani gwaji da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa, aka fitar da sakamakon a 2002. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako. A cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wannan rukuni, yayin da waɗanda aka bai wa ƙwayar magani ta ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da ɗoriya. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

Abin da ke sa a ɗore

Zumuɗin ranar farko ba ya kai mutum wata biyu. Sabo ne ke kai shi. Masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan sun bibiyi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a, suka gano cewa a matsakaici sai an yi kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Saboda haka wanda biki ko zazzaɓi ya hana shi fita ranar Talata, ya fita Laraba, ba sai ya jira sabon wata ba.

Hanya mafi sauƙi ta kafa sabo ita ce a jingina shi da abin da ba ya tashi. Mutanen yankin suna da lokuta biyar tsayayyu a kowace rana. Wanda ya ce "idan na fito daga sallar la'asar zan zagaya ta bayan kasuwa kafin in koma shago" ya fi kusa da cikawa a kan wanda ya ce zai riƙa motsa jiki idan ya samu lokaci.

Na biyu shi ne abokin tafiya. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1999, cikin waɗanda suka shiga shirin rage nauyi su kaɗai, kashi 24 cikin 100 ne suka riƙe abin da suka rage bayan wata goma. Cikin waɗanda suka shiga da abokansu aka kuma haɗa su aiki tare, kashi 66 ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan majalisa ɗaya na iya mayar da rubu'in awar farko na zamansu tattaki. Matan gida ɗaya ko 'yan adashe ɗaya na iya tsayar da lokaci. Fita cikin rukuni ta fi aminci ta fuskar tsaro, tana kuma kashe bakin masu cewa wane ya zauce, ko kuɗin babur ne ya gagare shi.

Na uku, a sauya ma'auni. Sikeli yana hawa yana sauka da ruwan jiki, kuma yakan tsaya cak na makonni ko da ana ƙoƙari. A riƙa hawansa sau ɗaya a mako, a ranar da aka tsayar. A riƙa gwada igiyar nan sau ɗaya a wata, a ƙulla alama a inda ta tsaya. A lura da barci, da hakin da ake yi a ruku'u, da lambar awon jini. Waɗannan sukan gyaru tun kafin sikeli ya motsa, kuma ko nauyi bai ragu ba, mai tafiya kullum ya rage haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Motsa jiki ya fi nuna amfaninsa bayan an rage nauyin. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe a 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kusan tara cikin goma na waɗanda ke ciki suna motsa jiki kimanin awa guda a rana, kuma tafiya a ƙafa ce ta fi yawa a cikin abin da suke yi.

Hanyoyin yanke da ke kai mutum asibiti

A Facebook da TikTok ana tallar shayin rage tumbi cikin mako guda. Da yawa daga irin waɗannan suna ɗauke da filasko ko wani abin sa gudawa da fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, kuma ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana haɗarin babba ne. Ɗamarar matse ciki da shiga leda domin a yi gumi su ma ruwa kawai suke fitarwa.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare ke sha. Da yawansu na ɗauke da sinadarin deksametason, wanda ke kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya kuma raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a janye mata shi a hankali.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura ya tambayi likitansa kafin ya ƙara motsa jiki, musamman da azumi, ya riƙa tafiya da dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya kuma duba tafin ƙafarsa kullum. Da azumi lokacin da ya fi dacewa ga kowa shi ne bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya ko biyu.

Damina za ta zo, azumi da Sallah za su zo, wata rana kuma labarin tsaro zai sa kowa ya kulle ƙofarsa. Duk wanda ya fara sai ya gamu da makon da bai taka ko'ina ba. Idan hakan ta faru, a koma minti goma na makon farko, ko a zaure ne ko a tsakar gida, a sake hawa a hankali. Ranar awon jini kuma a rubuta ta a waya, kada a bari sai ciwon kai ya tuna da ita.